Tafiyarmu ta Fari a Kan Gulbin Kebbi

Mu mutanen tudu ne. A garinmu babban ruwa shi ne rafin da yara ke tsallakewa da rani ba tare da sun naɗe ƙafar wando ba. Saboda haka da wani tsohon abokin aikinmu ya aiko daga Birnin Kebbi cewa mu zo hutu mu ga gulbi, sai gida ya rabu biyu. Yara suka yi ta tsalle. Kakarsu kuwa ta ce za ta bi mu, amma ƙafarta ba za ta rabu da ƙasa ba. Mu shida muka tafi, manya uku da yara uku, a farkon watan Oktoba na 2023. A cikinmu babu wanda ya taɓa shiga jirgin ruwa, babu kuma wanda ya iya iyo.

Mun rubuta wannan labari domin iyalin da ke da niyyar irin wannan tafiya. Abin da muka gani, da kuskuren da muka yi, da abin da aka koya mana, ga su nan.

Da fari, mai karatu ya cire wani zato daga ransa. Wataƙila ka taɓa ganin hoton manyan jiragen yawon shaƙatawa, irin waɗanda ke kai baƙi tsakanin Luksor da Aswan a kan kogin Nilu a ƙasar Masar, masu ɗakunan kwana da wurin cin abinci. Babu irinsu a nan. Jirgin wannan gulbi kwale-kwale ne na katako, jirgin aiki, wanda ke kai manomi gona, ya kai mace kasuwa, ya kai masunci wurin tarunsa. Baƙo yakan sami wuri ne a cikin wannan hidima ta yau da kullum.

Gulbin da Ƙasarsa

Gulbin Rima yana haɗuwa da na Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, sa'an nan ruwan ya karkata ya nufi kudu maso yamma. Ya wuce Argungu, ya wuce Birnin Kebbi, ya karɓi gulbin Zamfara da na Ka, daga bisani ya faɗa Kwara. Mutanen wurin sukan ce da shi Gulbin Kabi. Ba hanya ɗaya yake bi ba. Yana tafiya ne cikin fadama mai faɗi ƙwarai, yana rarrabuwa, yana barin tafkuna nan da can. Da rani za ka ga siririn ruwa da yashi da gonaki. Amma daga Agusta zuwa Oktoba ruwa yakan rufe fadamar, har mutum ya tsaya a wannan gaɓa ya kasa rarrabe mutum da dabba a waccan.

Akwai manyan madatsun ruwa biyu a sama. Na Bakolori a kan gulbin Sakkwato an gama shi a 1978, na Goronyo a kan Rima kuwa a 1984. Tun daga lokacin, cikar gulbi ba ta dogara ga ruwan sama kaɗai ba. Idan an saki ruwa daga can, yakan ƙaru a nan ko da ba a ga hadari ba. A 2010 da 2020 an yi ambaliya mai tsanani a wannan kwari, gonakin shinkafa masu yawa suka nutse, gidaje suka rushe. Don haka kada ka dogara ga labarin wanda ya je bara. Ka tambayi wanda ya kwana a bakin ruwan jiya.

Birnin Kebbi ita ce hedkwatar Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991. A nan ne kuma fadar Sarkin Gwandu take. Tsohon garin yana kan tudu, fadama na shimfiɗe a ƙarƙashinsa. Da yammacin ranar da muka sauka mai masaukinmu ya kai mu bakin ruwan Dukku. Muka tsaya shiru. Autanmu ya tambaya ko wannan ne teku.

Ba a Fafa Gora Ranar Tafiya

Mai masaukinmu ya riga ya yi mana magana da wani dattijo mai jirgi, wanda ya san shi shekara da shekaru. Wannan shi ne abu na farko. Baƙo ko da idonsa makaho ne. A bakin ruwa za ka tarar da matuƙa da yawa, kowa na kiranka, kai kuwa ba ka san wanda ya ƙware ba. Nemi ɗan gari ya zaɓa maka. Ku gama maganar kuɗin fito tun kuna tudu, a faɗi inda za a je, da lokacin komowa, da yawan mutanen da za a ɗauka. Mu mun biya kuɗin jirgin duka don kada a ƙara mana kowa a hanya. Ya fi tsada, amma ba mu yi da-na-sani ba.

Abu na biyu shi ne rigar ruwa, wato rigar nan mai kumfa a ciki wadda ke hana mutum nutsewa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta wajabta sa ta, ta kuma hana tafiyar dare. Amma ba kowane mai jirgi ke da ita ba, ta yara kuwa ta fi wuyar samu. Mu mun sayo namu tun daga gida. Da muka fito da su wasu samari suka yi mana dariya. Dattijon ya tsawata musu, ya zo da kansa ya ja igiyar rigar autanmu ya ɗaure tam. Ya ce rigar da ba a ɗaure ba, da ita da babu duk ɗaya.

Sauran kaya kaɗan ne: ruwan sha a jarka, malafa ko babbar hula, takalmin roba mai igiya, ƙosai ko ƙuli-ƙuli da gyaɗa don yara, da leda mai kauri da za a ƙulle waya da kuɗi a ciki. Jaka mai nauyi a bar ta a gida. Doguwar riga mai jan ƙasa ma ba ta dace ba, gama ƙasan jirgi ba ya rabuwa da ruwa.

Yadda Ake Shiga da Yadda Ake Zama

Jirgin da muka shiga na falankin katako ne da aka haɗa da ƙusa, aka cusa tsumma a tsakani. A dā akan sassaƙa jirgi daga gungumen itace guda, amma manyan itatuwa sun yi ƙaranci. Ruwa yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan ta mahaɗin katako. Kada wannan ya firgita ka. Akwai yaro a tsakiya da yankakkiyar jarka, aikinsa ke nan kwarfe ruwa. Abin tsoro shi ne jirgin da ruwa ke shiga fiye da yadda yaron ke iya kwarfewa. In ka ga haka tun a bakin gaɓa, fita.

Ana shiga ɗaya bayan ɗaya. Ka sunkuya, ka kama gefe biyu, ka taka tsakiya, ka zauna nan da nan. Dattijon ne ya raba mu: babba nan, yaro can, don nauyi ya daidaita. Hausarsa irin ta yamma ce, sai da muka kasa kunne. Ya ce, "Ku zamna tsaka. Kowa ag ga abin mamaki, shi duba da ido. Kak kowa shi tashi." A wannan ƙasa za ka ji ana cewa lahiya, da tahiya, da biyat, da kuɗɗi. Kwana biyu kunne zai saba.

Kaka ta tsaya a tudu tana kallo. Da ta ga jikokinta duka sun shiga, sai ta ce ba za ta zauna ita kaɗai tana jiran labari ba. Dattijon ya miƙa mata hannu ya ce, "Taho, Inna, ruwa na ganin girman tsohuwa." Ta shiga, ta rufe ido, ta kama gefen jirgi da hannu biyu.

Minti goman farko su ne masu wuya. Jirgi yana rawa, ruwa yana kusa da gwiwar hannunka, cikinka yana juyawa. Maganin abin shi ne ka daina kallon ruwan da ke gefenka, ka ɗaga kai ka dubi itatuwan nesa. Inda ruwa bai yi zurfi ba matuƙi yana tura jirgi da doguwar sandar gora. In an kai inda sanda ba ta taɓa ƙasa, sai ya ajiye ta ya ɗauki filafili. Da ka ga ya yi haka, ka san kun shiga uwar ruwa.

A nan ne muka yi kuskurenmu na fari. Muna ratsa wani wuri mai furannin bado, sai 'yarmu ta tsakiya ta miƙe ta kai hannu za ta tsinko. Wanta ya zabura zai riƙe ta. Nauyin mutum biyu ya koma gefe guda, jirgi ya karkata, ruwa ya kwararo ciki har ya jiƙe mu zuwa cinya. Dattijon ya jefa jikinsa ɗaya gefen, ya daka tsawa, kowa ya koma wurinsa. Abin bai kai ƙiftawar ido uku ba. Da jirgi ya daidaita sai ya matsa da shi a hankali, ya tsinko furen da kansa ya ba ta, ya ce, "Ɗiyata, in kina son abu cikin ruwa, ki hwaɗi. Jirgi ka zuwa wurin abu, ba mutum ba."

Dalilin a fili yake. Kwale-kwale siriri ne, bakinsa kuma kusa da ruwa. Muddin nauyi yana ƙasa kuma a tsakiya, zai yi rawa ya komo. Da mutum ya miƙe, nauyi ya hau sama, ƙaramin motsi ya isa ya kifar da shi. A gaya wa yara wannan tun a gida, a kuma sa babba kusa da kowane yaro.

Abin da Ido Zai Gani

Bayan tsoro ya kwanta sai ido ya buɗe. Jirgi yana bi ta tsakiyar gonakin shinkafa, ganye na shafar gefensa. Akwai irin shinkafar gargajiya da ake shukawa kafin ruwa ya zo, wadda karanta ke ƙara tsawo yayin da ruwa ke hawa, kanta kullum yana sama. Mun ga yara a kan rumfunan da aka kafa cikin ruwa, suna kaɗa gwangwani suna ihu don korar jan-baki, tsuntsayen nan masu zuwa garke guda su cinye gona. Shinkafa ita ce arzikin wannan kwari. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a watan Nuwamba na 2015, a 2017 kuma aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu. Da rani ma fadamar ba ta hutawa, ana noman rani da injin ban ruwa.

Tsuntsaye kuwa ba a magana. Balbela fari fat a kan ciyawa, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, kirinjijiya na tashi garke-garke suna fito. Yara suka yi ta ƙirga har suka gaji. Kainuwa tana yawo a kan ruwa, kyakkyawa a ido, amma masu jirgin inji ba sa ƙaunarta, domin takan naɗe farfela. Mun tambaya ko akwai dorina. Aka ce sai can Kwara wajen Yawuri. Mu dai ba mu ga ko ɗaya ba.

Za ka yi ta gamuwa da masunta, wani na jefa birgi, wani na duba ƙugiyoyin da ya kafa tun dare. Ka gaishe su, ka yi musu barka da aiki. Kada ka ɗauki hoton kowa sai ka roƙa, balle mata masu wanka ko wanki a mashaya. Dattijon ya tsaya wurin wani abokinsa ya nuna wa yara kifaye da sunayensu: tarwaɗa, ƙarfasa, ƙurungu mai ƙaya, ragon ruwa, da minjirya wadda in ka taɓa ta za ta ja ka kamar wutar lantarki. Sarkin su duka shi ne giwan ruwa, wanda babbansa yakan fi mutum nauyi. Daga wannan ƙasa ce Sarkawa suka bazu, masuntan da ake samu a bakin Kwara da Binuwai har ƙasashen maƙwabta.

Argungu

Rana ta uku muka hau mota zuwa Argungu, tafiyar kimanin kilomita 50. Kafin mu je bakin ruwa sai da muka shiga gidan tarihi na Kanta. An gina shi a 1831, ya zama fadar sarki har 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958. A ciki akwai masu da takubba da kwari da baka, da tambura, da kayan su na dā. A nan ne kuma kaburburan sarakuna suke, saboda haka a shiga da ladabi.

An sa wa gidan sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi wajen 1515, ya ƙi biyayya ga Songhai, ya gina birninsa a Surame. Ana ba da labari cewa yana da jirgin ruwa da aka lulluɓe da jan ƙarfe, wanda yake zaga ƙasarsa da shi. Daga baya Birnin Kebbi ta zama babban birnin Kabawa, har 1805 da rundunar masu jihadi ta ci garin. Kabawa suka koma Argungu, aka yi ta yaƙi tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu shekaru masu yawa, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya karɓe shi, aka shirya babban su don girmama baƙo. Daga nan bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali. Ana yinsa a ruwan Matan Fada, wajen Fabrairu ko Maris, lokacin da ruwa ya ja baya. Duk shekara an hana su a wurin sai ranar biki, Sarkin Ruwa ne ke tsaronsa. Ran nan dubban masunta sukan jeru a gaɓa da komarsu da manyan goruna. Da an harba bindiga sai su ruga cikin ruwa gaba ɗaya, su yi kimanin sa'a guda, mai kifi mafi nauyi shi ya ci. Akwai kuma wasannin Kabanci: tseren jirage, da iyo, da nutso, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa. An yi shekara goma ba a yi shi ba, sai a Maris na 2020 aka farfaɗo da shi, kifin da ya ci a shekarar kilo 78 ne. Tun da ba kowace shekara ake samun yinsa ba, mai son gani ya tabbatar da rana kafin ya ɗaura kaya.

Mu ba lokacin biki muka je ba. Matan Fada shiru, sai iska da tsuntsaye. Ga iyali masu ƙananan yara, wannan ya fi sauƙi. Ranar biki cunkoso ya yi yawa, masauki kuma yakan yi wuya.

Daren da Ba Mu Shirya Ba

Kashegari wani matuƙi, ƙanen dattijonmu na Birnin Kebbi, ya kai mu wani ƙauye a hayin fadama, ranar kasuwarsu. Muka sayi busasshen kifi da tabarma, muka sha fura. Wajen la'asar muka komo bakin ruwa. Akwai wani babban jirgin inji da ake yi wa lodi: buhunan shinkafa, babura biyu, awaki, da mutane har kan buhuna. Tsakanin bakinsa da ruwa bai wuce tafin hannu ba. Aka ce mu shiga, ya fi sauri. Matuƙinmu ya girgiza kai, mu ma muka ƙi.

Sai kuma shi ma ya ƙi tashi. Muka ce, "Baba, rana tana yi, ga yara, ga tsohuwa, an kuma san da komowarmu yau." Ya nuna gabas da haɓa. Mu ba mu ga kome ba sai ɗan baƙi-baƙi can ƙasa. Gaskiya ranmu ya ɓaci. Ɗaya daga cikinmu har ya ce ai mun biya kuɗin zuwa da komowa. Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, kuɗɗinka na nan, in kana so in maishe ma. Amma in mun tashi yanzu, iska na iske mu inda gora ba ta taɓa ƙasa. Ni na iya ruwa. Ɗiyan ga ba su iya ba."

Kaka ce ta raba gardama. Ta sauke ƙullinta ta zauna a gindin giginya, ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ba a yi rabin sa'a ba iska ta taso. Hadarin ƙarshen damina ne, mai ƙarancin ruwa da yawan iska. Gulbin da muka ratso da safe lumui ya zama wani abu dabam. Ya yi baƙi, yana tumbatsa, yana dukan gaɓa, jiragen da ke ɗaure suna karo da juna. Muka fake a wata rumfa muna tunanin jirgin injin nan. Daga baya muka ji cewa ya samu ya raɓe a wani tsibiri, sai da aka zubar da buhuna cikin ruwa kafin ya kai. Ba a rasa rai ba, amma wani ya rasa amfanin gonarsa.

Ba kullum ake tsira haka ba. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tashi daga Jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ya tarwatse a tsakiyar Kwara. Waɗanda aka ceto da rai kimanin 20 ne kawai. In ka bi labarin irin waɗannan haɗura za ka tarar da dalilai kusan iri ɗaya: lodi fiye da kima, tsohon jirgi, tafiyar dare, kututturen da ke ɓoye cikin ruwa, iska, da rashin rigar ruwa. Fasinja ba shi da iko a kan iska ko kututture. Amma yana da ikon ya ƙi shiga.

Da iska ta kwanta duhu ya riga ya yi, ba halin tafiya. Matuƙin ya kai mu wurin mai garin, muka gaishe shi, muka faɗi ko mu su wane ne. Ba a tambaye mu kome ba bayan wannan. Aka share wa maza zaure, aka shigar da mata da yara cikin gida. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi mai zafi. Sauro kuwa ya yi mana maraba irin tasa, sai da wata baiwar Allah ta cire gidan sauronta ta rataya wa yaranmu. Da safe muka kawo 'yan kuɗi, mai gida ya ɓata fuska. Sai muka ba yaran gidan biskit da sabulun da ke jakarmu, wannan aka karɓa da murna. Muka sami matuƙin muka ba shi haƙuri a kan maganar jiya. Ya yi dariya ya ce duk baƙo haka yake ran farko.

Lafiyar Jiki

Ruwan gulbi yana da ban sha'awa, yaran ƙauye kuma suna ta iyo a ciki, naka ma za su roƙa. Kada ka yarda. A ruwa mai kwanciya akwai ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar tana shiga ta fata, ba sai an sha ruwan ba. Bayan makonni ko watanni sai a ga jini a fitsari. Tana da magani a asibiti, amma rigakafi ya fi magani. Tun da mun jiƙe ran farko, da muka koma gida mun gaya wa likita, aka auna mu. Kurkunu da ya addabi ƙauyuka a dā ya ƙare, an tabbatar da Nijeriya ta rabu da shi a 2013. Duk da haka kada a sha ruwan gulbi sai an tafasa, saboda gudawa da amai. A tafi da gidan sauro ko da ba a yi niyyar kwana ba. Wanda ya yi zazzaɓi bayan komowa ya je gwaji da wuri.

Rana a kan ruwa ta fi ta tudu zafi, gama tana dukanka daga sama, ruwa kuma yana maido maka da ita. Tafiyar sassafe ta fi. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce awo 40, ba lokacin yawo da yara ba ne. Da hunturu kuwa akwai sanyin safe da hazo. A ganinmu ƙarshen Oktoba zuwa Disamba ya fi dacewa da sabon shiga: hadari ya wuce, ruwa bai ƙafe ba, ana girbin shinkafa. Game da hanyar mota, wasu sassan jihar sun yi fama da 'yan bindiga a shekarun nan. A tambayi mai masauki hanyar da za a bi, a kuma yi tafiya da rana.

Komowa

Mun ratso fadama da hantsi, ruwa kwance kamar ba shi ne na jiya ba. 'Yarmu ta zauna a tsakiya, hannuwanta a kan gwiwa, tana gaya wa ƙanenta kada ya motsa. Kaka ta buɗe ido wannan karon. Ita ce ma ta fara hango wani masunci yana jawo tarwaɗa, ta ce a matsa ta taya. Ta saya, ta riƙe abinta har gaɓa.

Ga iyalin da za su bi sawunmu, ga abin da za mu ce a taƙaice. Ku sami ɗan gari ya zaɓa muku matuƙi. Kowa ya ɗaura rigar ruwa. Ku dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa kafin ku shiga, in ta yi kaɗan ku jira wani. Ku zauna, kada ku miƙe. Ku bar kwana ɗaya a cikin shirinku wanda ba ku ƙulla kome a kansa ba, don kada gaggawa ta sa ku matsa wa matuƙi. In ya ce a jira, a jira.

Yara suna tambaya yaushe za a koma. Mun ce sai sun koyi iyo. Yanzu haka babban ya fara.